Amsa: Wane adireshin intanet ya dace da shagon yadina?

Alhaji, ka tambaya ko .com ko .com.ng ya fi dacewa a ƙarshen adireshin shafin intanet na shagonka na babbar kasuwar Katsina. Tunda yawancin masu cinikinka 'yan Najeriya ne, ni dai zan zaɓi .com.ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar adireshin intanet ta Najeriya, ke kula da shi, kuma ana biyan kuɗinsa da naira. Amma sunan da za ka sa kafin .com.ng ɗin ya fi muhimmanci. Ya kasance gajere, wanda mutum zai ji a waya ya rubuta daidai, kuma ka kauce wa kalma mai ƙ, ɗ ko ɓ, domin jama'a k, d da b za su buga. Ka tabbata an yi rajistarsa da sunanka, ba da sunan yaron da zai gina maka shafin ba, kuma kada ka manta ana sabunta shi duk shekara.