Kada ka taɓa wuƙar inji saboda makin baƙo

Ɗana, ka ce baƙon da ka ɗaukar wa jaka ranar Asabar, wanda yake yawo ƙasa-ƙasa yana buga golf yana ba kowane fili maki a ɗan littafinsa, ya ba mu shida cikin goma. Wai girin ɗinmu, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin ƙwallo, ba ya gudu, ciyawar fiyawe, wato hanyar da ke tsakanin wurin bugun farko da girin, ta yi ja, yashin ramukan tarko da ke gefen girin kuma ya yi tauri. Shi ne kake tambaya me zai hana mu sauke wuƙar injin askin ciyawa ƙasa mu ƙara ban ruwa, ko na gaba ya ba mu takwas. Jiya kana saurin kama motar haya ta torotoro zuwa Nima, shi ya sa ban tsare ka ba.

Wuƙar nan kada ka taɓa ta. Ruwa ma ba za mu ƙara ba. Amma mutumin yana da gaskiya a wani wuri, kuma za mu zo kansa.

Ka fara sanin wane ne shi. Ba ƙwararre ba ne, ba kuma wata hukuma ce ta aiko shi ba. Mai sha'awa ne da ya kashe kuɗinsa ya hau jirgi, ya zagaya filin sau ɗaya a tsakiyar hunturu, ya koma masauki. Na ga irinsu da yawa, mafi yawansu mutanen kirki ne, sai dai idonsu talabijin ce ta raine shi. Filin da ke cikin kansu shi ne Ogasta na jihar Jojiya a Amurka, inda ake gasar Masters duk watan Afrilu, kore shar kamar an shafa fenti. Abin da ba sa tunawa shi ne ana rufe filin nan duk tsawon watannin zafi, babu mai taka shi, kuma a ƙarƙashin girin ɗinsa akwai bututun da ke tsotse ruwa idan ya yi yawa. Mu kuwa ana taka namu tun daga Janairu har Disamba. Baƙo raɓa ne. Membobin da za su zo da safiyar Talata su ne za su zauna da duk abin da muka yi wa ciyawar.

Maganar ja. Ciyawar da ke fiyawe ɗinmu kiri-kiri ce, wadda Turawa ke kira bamuda. Idan ruwa ya ɗauke takan kwanta ta yi barci, ganyen ya bushe, amma jijiyar tana raye. Gobe ka tsuguna ka cusa yatsa ka ciro yaɗo guda ka karya shi: idan cikinsa fari ne da ɗanshi, lafiyarta ƙalau, ruwan farko na Maris ko Afrilu zai tashe ta cikin 'yan kwanaki. Idan ya kakkarye ya zama gari a hannunka, wannan ce ta mutu, ita za ka zo ka gaya mini. Kuma ko a Birtaniya, inda wasan ya fito, ba a ɗauki ja a matsayin aibi ba. A gasar Open ta 2006 a Hoylake ta Ingila fili ya bushe ƙamas, ƙura na tashi, Tiger Woods ya ci kofin alhali sau ɗaya tak ya zaro babbar sandarsa a kwana huɗu, don ƙwallo na gudu da kanta a kan busasshiyar ƙasa. Babu wanda ya ce a kori mai kula da fili.

Sannan ruwan daga ina? Akra ba Kumasi ba ce. Abin da sama ke ba mu a shekara kusan rabin nasu ne, kuma rijiyoyin burtsatse na kusa da teku da yawa ruwansu zartsi ne. Ka yi ta kwarara shi a rani, rana ta ƙone ruwan ta bar gishiri, sai ka ga farin ɓawo ya fito a kan ƙasa, daga nan ciyawar ta fara mutuwa da gaske. Ɗan ruwa mai kyau da muke da shi na girin ne da wurin bugun farko.

Yanzu gudun girin, wanda shi ne ainihin tambayarka. Gudu ba abin da ake ji a jiki ba ne, aunawa ake yi. Sandar alminiyon nan mai kwari a tsakiya da ke rataye a sito, wani Ba'amurke Edward Stimpson ne ya ƙirƙiro irinta a 1935. Tsawonta ƙafa 3. Za ka sa ƙwallo a gurbin da ke samanta, ka ɗaga a hankali har ta gangaro da kanta. Ƙwallo uku ta wannan fuska, uku ta waccan, a inda girin ya yi bai-ɗaya, ka auna nisan da suka yi ka fitar da tsaka-tsaki. A manyan gasannin Amurka lambar takan kai ƙafa 12 ko fiye. A Sent Andurus ta Sikotland, inda aka tsayar da ramuka 18 tun 1764, da gangan suke barin ta ƙasa da haka saboda iskar teku, kuma duk da haka a 2015 sai da aka dakatar da wasa don iska na tura ƙwallo a kan girin. To wane ne ya ce sauri shi ne kyau?

Don ka samu lambar talabijin sai ka aske ciyawa kusan milimita 3. Su suna iyawa saboda girin ɗinsu gini ne: yashi mai kaurin santimita 30 a kan tsakuwa, da magudanai a ƙasa, ga ma'aikata rututu. Namu da yawa a kan jar ƙasa suke zaune. Ka sauke wuƙa farat ɗaya a kan irin wannan, rana ta farko kowa zai yaba. Kafin mako ya zagayo, duk inda ƙasa ta ɗan tasa wuƙar ta ɗebe ganyen gaba ɗaya, ya rage kara launin toka. Rana ta dake shi. Inda ya mutu aya-aya ta samu ƙofa, ita kuwa ka san halinta, ka cire sama ƙwayar tana ƙasa tana jiranka. Ƙa'idar da aka koya mana ba ta canja ba: kada ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a aski guda. In za a sauke, kaɗan-kaɗan ake yi, kuma da damina, lokacin da ciyawar ke da ƙarfin mayar da abin da aka ɗebe.

Akwai hanyar ƙara gudu ba tare da an taɓa tsayi ba, ita ce aikin da yara ba sa so don babu hayaniyar inji a ciki. Wasa wuƙa har ta yanke takarda tsaf ba ta tauna ba, domin dakusasshiyar wuƙa yage ganye take yi, bakinsa ya yi fari, ƙwallo ta riƙa tuntuɓe. Kaɗe raɓa da kashin tana da doguwar gora kafin inji ya shiga. Taje ciyawar da buroshi ta miƙe, don kiri-kiri kwanciya take yi ta fuska ɗaya. Shi ya sa idan ka tsaya ka ga girin na ƙyalli ƙwallo za ta gudu, idan ka gan shi ya yi duhu za ta ja ƙafa. Canja fuskar aski kullum. Barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi siriri a share shi ya shige. Sannan rola, wato ƙarfe mai nauyi da ake mirginawa ya danne girin. Wannan kaɗai ya isa ɗan wasa ya ji bambanci a hannunsa.

Kuma mai buga golf na sha'awa, in girin ya cika gudu, sai ya buga uku ko huɗu kafin ya jefa, layi ya taru a bayansa, zagayen awa huɗu ya koma biyar. Shi da ya nemi saurin shi zai fara ƙorafi.

Kada ka haɗa makin littafinsa da lambobin da ke jikin katin wasa. Waɗannan masu awo ne na hukuma ke fitar da su, a tsarin da duniya ta haɗu a kai tun 2020, kuma wahalar fili suke aunawa, ba kyansa ba. Wadda ake kira silof tana tsakanin 55 da 155, matsakaiciyarta 113. Ko ka shafe fiyawe da fenti ba za ta motsa ba.

To inda ya fi mu gaskiya: yashi. Na shiga ramin da ke gefen girin na bakwai na soka ƙarfe, ko inci biyu bai shiga ba ya tarar da ƙasa. Ruwan damina ya wanke yashin daga bango ya tara shi a lungu, jar ƙasa ta gauraya da sauran, rana ta gasa. Manjagara kawai muke ja a sama, ya yi kyau a ido, mai sanda kuwa sandarsa ta daki tauri ƙwallo ta tsallake girin. Ina son inci huɗu a ƙasan kowane rami, biyu a jikin bango. Wannan ba ya cin ko sidi ɗaya sai gumi.

Da na so ka tambaye shi wane girin ne bai gudu ba. Idan ya ce duka, ra'ayi ne. Idan ya ce na uku ya fi na goma sha biyu nauyi, wannan magana ce, domin na uku inuwar dalbejiya ke rufe shi har hantsi, raɓa ba ta bushewa da wuri. Ɗan wasa zai yafe maka girin mai nauyi in duka goma sha takwas ɗin nauyinsu ɗaya, don cikin rami biyu hannunsa zai saba. Wanda ba ya yafewa shi ne kowane girin da halinsa. Haka bakin ramin ƙwallo: faɗinsa milimita 108 ne a doka, kofin kuma a nutsar da shi aƙalla inci ɗaya ƙasa da ciyawa. In ka zare abin yanka a karkace, bakin ya tasa, ƙwallon da ta zo daidai sai ta kauce. Mutum zai manta da launin fiyawe, wannan kam har cikin jirgi yana tuna ta.

Irin wannan baƙon in ya sake faɗo maka, ka saurare shi da kyau in ya taɓa filayen ƙasar nan. Wanda ya buga Acimota, da ke nan tun 1934, ya je Tema da Sakumono, ya hau Kumasi ya buga Royal inda Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu da kansa yake riƙe sanda, kwatancensa yana da amfani, don rana ɗaya ke dukanmu. Ka tambaye shi yashinsu, ka tambaye shi wurin bugun farko ko a miƙe yake. In ya koma zancen filin garinsu mai sanyi, ka ce masa madalla, ka miƙa masa sanda.

Af, kuma an ce mini a rami na tara ka ɗan shure ƙwallonsa daga gindin bishiya don ka faranta masa. Kada ka ƙara. Mai rubuta maki ya san inda ƙwallonsa ta faɗi, kuma abin da yaron jaka ya yi a kan filin ake rubuta shi.

Gobe bayan asuba ka same ni a sito. Ka ɗauko shebur biyu da baro da ƙarfen awo, daga rami na bakwai za mu fara. Ka sha kokonka tun a gida, ba za mu tashi ba sai azahar.