Ga ƙanenmu da ke son yankar katin jam'iyya a Manchester

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ce shekararka uku a Manchester, kana son shiga jam'iyya a unguwarku, kuma kana cikin masu ganin bai kamata a ci zarafin 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo ba, amma kana tsoron kada 'yan uwa su juya maka baya, kada kuma Turawa su mai da kai abin ado a fosta. Na ga wasu sun amsa maka da "Allah ya shirya" sun wuce. Ni da kati a aljihuna shekara goma sha ɗaya, bari in faɗa maka abin da na gani. Sunan jam'iyyar tawa zan bar shi, kada a ce kamfen nake.

Ranar da na fara zuwa taron reshe, da jawabina a rubuce na tafi, shafi biyu cur. Na tarar da mutum goma sha ɗaya a wani ɗaki da aka ara a bayan coci, da butar shayi da biskit. Awa biyu aka yi a kan kwandunan shara da ba a kwashe ba, da masu ajiye mota a bakin makarantar firamare, da wani rami a titi da ya fasa wa wata tsohuwa taya. Jawabina ya koma gida yadda ya fito. Na ji haushi a lokacin, daga baya na gane ni ne ban san inda na shiga ba. Siyasar ƙaramar hukuma a Ingila shara ce da gidajen haya da fitilun titi da kuɗin kula da tsofaffi. Wanda ya shigo da magana ɗaya tak a baki, kowace iri ce, ana yi masa murmushi ne a jira ya gaji. Wanda aka ga ya fito ranar Asabar cikin ruwan sama yana saka takardu a ƙofofi, shi ake juyowa a saurara idan ya ɗaga hannu.

Da farko ka yi rajistar zaɓe. Mutanenmu da yawa ba su san ɗan Najeriya da ke zaune a nan da izini yana da ƙuri'a ba, saboda muna cikin ƙungiyar Commonwealth. Haka ɗan Ghana da ɗan Kamaru. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi ba su da wannan damar sai sun karɓi takardar zama 'yan ƙasa. Tsayawa takara kuwa sai kana da izinin zama na dindindin. Manchester na da gunduma 32, kowacce da kansila uku, jimilla 96, kuma ana sabunta kashi ɗaya cikin uku a kowane zaɓe, yawanci Alhamis ɗin farko ta watan Mayu. Ka ga kusan kullum ana neman hannu. Daga 2023 kuma sai da katin shaida mai hoto ake jefa ƙuri'a, aikin da za ka iya fara yi wa iyayenmu na unguwa ke nan, ka tuna musu.

A kan maganar da ta kawo ka. Kada ka ɗauka garin nan haka ya tashi. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta saka abin da ake kira Sashe na 28 a dokar ƙananan hukumomi, wanda ya hana su yin duk abin da za a fassara da tallata luwaɗi. Malaman makaranta suka koma tsoron ko tsawata wa yaran da ke dukan wani yaro a kan wannan zargi. A watan Fabrairun shekarar mutum kusan 20,000 suka yi zanga-zanga a nan Manchester. Sai 2003 aka soke sashen a Ingila da Wales. Tsofaffin da za ka gani a reshe suna lissafin kuɗin biskit, wasunsu sun halarci wannan zanga-zangar. Akwai wata ma'ajiyarmu, tsohuwar malamar makaranta, sai da muka shekara biyu muna yawo tare kafin ta gaya mini da ita aka yi. Don haka idan ka je, ka fi yawan tambaya.

Dokar da na fi riƙewa ita ce ta daidaito ta 2010. Abubuwa tara ta hana a nuna wa mutum bambanci a kansu, a ciki akwai addini da launin fata da kuma jinsin da mutum yake sha'awa. Takardar da ta hana a kori ƙanwata daga aiki saboda hijabi ita ce ta hana mai gida ya ƙi ba wani haya saboda abokin zamansa namiji ne. Da wannan nake amsa wa mutanenmu. Ban taɓa zama in yi wa kowa fatawa ba, ni ba malami ba ne, kuma ba wanda ya nemi in canza abin da na karanta a makarantar allo. Abin da nake cewa, kada a daki mutum, kada a jefa shi titi, kada a hana shi asibiti. A garinmu ma ai mun taso muna ganin 'yan daudu suna soya kaji a tasha, kowa na saye, wasu na zagi bayan sun cinye.

Abin da ya sa na daina noƙewa wani yaro ne ɗan shekara 19, haifaffen nan, iyayensa daga yankinmu. Uban ya ga wani saƙo a wayarsa, ya watso masa kaya waje cikin Disamba. Kwana biyu ya yi a tashar bas. Da aka kira ni, jawabi bai yi mini amfani ba. Abin da ya yi amfani shi ne na san kansilarmu, ita kuma ta san wanda za a kira a sashen gidaje, ga doka ta 2017 da ta ɗora wa ƙaramar hukuma taimakon wanda ya rasa matsuguni. Akwai kuma gidauniyar Albert Kennedy da aka kafa a garin nan a 1989 don irin waɗannan yara, sunan wani yaro ɗan shekara 16 aka sa mata wanda ya rasu a shekarar. Lambar kansilar nan kuwa ba da komai na same ta ba sai da raba takardu.

Za ka sha magana, wannan kam. A 2019, lokacin da iyaye suka yi ta zanga-zanga a ƙofar wasu makarantun firamare a Birmingham kan darussan da ke ambaton iyali mai uwa biyu ko uba biyu, wutar ta iso mana. Bayan Juma'a wani dattijo da nake girmamawa ya riƙe hannuna ya ce, "Ashe kai ne wakilinsu?" Na ce, "Baba, ni ne dai wanda ya bi maka maganar dumamar gidanka bara." Ya yi dariya, bai yarda da ni ba, har yau bai yarda ba, amma muna gaisawa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda da sun ji Musulmi baƙar fata yana da wannan ra'ayi sai su yi caa, a zo a ɗau hoto, a ce ka yi magana da yawun "al'ummarka". Na ƙi. Na kuma faɗa a taro cewa kiran iyayen nan jahilai ba zai sa ko ɗaya ya sauko ba, a je a zauna da su a nuna musu littattafan. Wasu ba su ji daɗi ba. Ko Sadiq Khan, Musulmi ɗan majalisa a lokacin, da ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da auren jinsi a majalisa a 2013, barazanar kisa aka yi masa, bayan shekara uku kuma ya ci zaɓen magajin garin Landan.

Manyan jam'iyyun duk suna da ɓangaren masu wannan fafutuka, Labour da Conservative da Liberal Democrats da Green. Kana iya shiga, amma ni shawarata ka shekara a reshen unguwa tukuna, kada ka karɓi muƙamin jami'in LGBT, wato mai kula da al'amuran 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da makamantansu, a watanka na biyu don kawai ba mai so.

Sai gida, wanda Bature ba zai tuna maka ba. A Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, wata biyu kafin a ɗaura irinsa na farko a Ingila. Shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga mai shiga ko tallafa wa ƙungiyoyinsu, ban da dokokin shari'a na jihohin arewa. Hoton da aka ɗauke ka a Canal Street, titin da 'yan luwaɗi ke taruwa a Manchester, da tutarsu, kafin la'asar ya isa zauren WhatsApp na danginku, kuma mahaifiyarka ce za ta amsa tambaya a gidan suna, kai kana nan. Ni sai da na kira yayata na gaya mata da bakina abin da nake yi da abin da ba na yi, kafin wani ya kai mata da ƙari. Ka yanke tun yanzu wane hoto za ka tsaya a ɗauka, wane rubutu zai fita da sunanka. Idan ka kai ga takara, ka sani yanzu ana iya ɓoye adireshin gida daga takardar ƙuri'a, ka nemi fom ɗin. Ni na tsaya sau ɗaya a gundumar da ba ma ci, na zo na uku.

Asabar mai zuwa ƙarfe goma muna fita. Ka turo mini saƙo ta gefe in gaya maka inda muke haɗuwa, ko ba jam'iyyarmu za ka shiga ba ka zo ka ga yadda ake yi. Ka sa takalmi mai kauri, kuma kada ka tura yatsu cikin ramin wasiƙa, wasu gidajen akwai kare.