Zuwa ga jikata, kishiyata ta Fatakwal, kan maganar akwatuna

Assalamu alaikum, kishiya. Saƙonki ya iso, na sa tabarau na karanta shi sau biyu. Ya mijin namu, ya kuma nauyin jiki? Allah Ya raba lafiya.

Kin ce kin buɗe akwatunan lefenki bayan shekara guda da 'yan watanni, kika tarar da fari-fari da ɗigon baƙi a jikin atamfofi da takalma, ga wani wari da ya ƙi fita ko da kika kwana biyu kina turara su a kan kabbasa. Kika tambaye ni ko fitar da kaya shanya da kika ga muna yi bayan damina, da hana shanya ta kai magariba, camfi ne ko akwai dalili. Sannan wai wata maƙwabciya ta ce ki cika akwatunan da kafur.

Bari in fara da turaren, don shi ya fi ba ni dariya. Turare a kan fumfuna kitso ne da ƙwarƙwata. Fumfuna abu ne mai rai, kamar tsiro. Irinsa na yawo a iska a kowane gida, har gidan sarki, ido ba ya ganinsa. Abin da yake jira laima ce da wurin da iska ba ta ratsawa, da ɗan abin da zai ci, wato auduga ko fata ko takarda ko dattin jiki. In ya samu, kwana biyu sun ishe shi ya kama. Warin da kike ji shi yake fitar da shi yana cikin ci, to in ba ki kashe mai warin ba, ko hawi da sandal ɗin Maiduguri duka kika ƙone, jibi zai dawo, har ma ya fi muni don ya gauraya da ƙamshi.

Yanzu al'adar. Lokacin da muke yara, ɗakunan ƙasa ne, rufin azara, daɓe a ƙasa. In marka ta kankama a watan Agusta, sai a yi kwana uku rana ba ta leƙo ba, bango ya sha ruwa, ruma ta taso daga ƙasa har ki ji sanyinta a tafin ƙafa. Ba mai buɗe adaka a wannan lokaci sai dole. Ana jira ne ruwa ya ɗauke, a shiga kaka, dawa ta fara nuna, iskar gabas ta juyo leɓe ya fara bushewa. Ran nan sai innarmu ta ce gobe shanya. Tun da hantsi ake share tsakar gida a shimfiɗa tabarmi, a fito da komai. Kwalla ita ce babbar ma'ajiyar mace a lokacin, wannan ƙatuwar tasa mai murfi, a ciki ake jera zannuwa da saƙi da gwado. A zazzage ta, a kife ta a rana. A fito da adaka, da ƙore da akusa da faya-faye na jere, da buzun sallar Malam. Katifar audugar rimi kuwa farke bakinta ake yi, a baza audugar, mu yara a ba mu tsumagiya mu yi ta duka har ta tashi ta yi laushi, mu koma fari fat kamar dodanni. Da rana ta take sai a juya komai. Da la'asar a kwashe, amma ba a mayarwa cikin kwalla da zafinsu, sai an baza su a kan gado sun huce, don kaya mai zafi in aka rufe shi gumi yake yi, an koma gidan jiya ke nan.

Ranar tana da wani amfani da ba a faɗa. Ranar ce mace take sanin abin da ta mallaka. Zanen da aka ga ya shekara biyu ba a ɗaura ba, innarmu ba ta mayar da shi, sai ta ware ta ce a kai wa wance. Akwai matan da ba sa shanya a tsakar gida, sai a bayan ɗaki, wai tsoron kambun baka. Ni dai a ganina rabinsu tsoron masu aro ne.

Maganar magariba kuwa, mun taso ana ce mana kada a bar kaya a waje bayan faɗuwar rana saboda mutanen ɓoye, musamman kayan jariri. Ba zan yi gardama da iyayena ba, amma abin da na tabbatar da idona raɓa ce. Rana na faɗuwa iska take yin sanyi, laima ta sauka a kan kaya, duk wahalar yini ta tashi a banza. Yaro ba ya tsoron raɓa, amma yana tsoron aljani, kin ga hikimar tsofaffi.

Sai dai ki lura, wannan al'ada an ɗinka ta ne daidai jikin ƙasarmu. Mu damina wata huɗu ce zuwa biyar, bayanta hunturu ya zo ya busar da komai har ƙwarya ta tsage, shi ya sa shanya ɗaya a shekara ta ishe mu. Ke kuwa inda aure ya kai ki, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 2,000, ya ninka na Kano har da ɗoriya, kuma iskar ma kanta jiƙaƙƙiya ce kusan kullum. Ɗan rangwamen da kuke samu Disamba ne da Janairu. In kika ce sai kaka ta yi za ki buɗe akwati, kin yi ihu bayan hari. Ke duk wata ne, duk ranar da kika ga rana ta buɗe sosai.

Ga yadda za ki yi da waɗanda suka riga suka kama. Tunda kina da juna biyu, ki sa wani ya yi miki kakkaɓar, a waje, ba a ɗaki ba, ya ɗaure hanci da baki, don ƙurar tana tayar da tari da asma. Bayan an goge da busasshen burushi, sai wanki da ruwan ɗumi da sabulu, fari dabam, mai launi dabam. Farin yadi mai ɗigon baƙi, a matsa lemun tsami a barbaɗa gishiri a kan tabon, a shimfiɗa a rana, sannan a ɗauraye. In ya ƙi, sai ruwan bilic kaɗan cikin ruwa mai yawa, ga fararen auduga kawai. Amma ki ji ni da kyau, ba a haɗa bilic da lemun tsami ko ruwan khal a mazubi ɗaya, tururin da suke fitarwa guba ne mai ƙona ƙirji. Atamfa da shadda a juya su ciki waje kafin shanya, kada rana ta cinye launin. Wani tabon ba zai fita ba har abada, in ya riga ya ci zaren, ki haƙura. Kuma a kan igiya za ki shanya, ba a ƙasa irin tamu ba, ki kuma bi kowane da dutsen guga mai zafi. A ƙasashen kurmi akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a kan jiƙaƙƙen tufafi, tsutsar ta shiga fatar mutum ta yi maruru, guga ce ke kashe ta. Ga kuma baƙar ƙurar nan da ta addabi garinku tun ƙarshen 2016, in kin ga ranar saukarta ce, gara ki shanya a baranda ki kunna fanka.

Takalma da jakunkuna na fata ba a wanke su, ba a kuma sa su a tsakiyar rana, fatar tsagewa take yi. A gauraya sifirit da ruwa daidai wa daida, a jiƙa tsumma a matse a goge, a bar su a inuwa mai iska. Alƙur'ani da littattafai a tsayar da su a buɗe a inuwa, a riƙa juya shafuka, ruwa ko kaɗan kada ya taɓa su. Katifar soso in abin ya shige cikinta, ba ta da magani, a fitar da ita.

Kada ki manta da akwatin kansa, nan ne yawancin mata suke yin wanka da kamar jirwaye. Su wanke kaya tas, su mayar cikin akwatin da ya haifi matsalar. A goge cikinsa da ruwan khal, a buɗe shi a rana yini biyu. In za a ajiye, a ɗora a kan katako ko bulo, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Innarmu a kan duwatsu uku take ɗora adaka, kamar murhu, saboda ruma da gara. Ki ƙulle gawayi busasshe a tsohon ƙyalle ki jefa a kusurwa, yana shan wari, ki riƙa sauya shi. 'Yan ƙunshin nan masu tsaba da ake samu a kwalin sabon takalmi, daina zubar da su, aikinsu ke nan shan laima, sai dai a ɓoye su daga yara. Busasshen ganyen darbejiya kuma don asu da ƙwari ne.

Abu biyu suka fi cin kayan amare. Na farko, kayan da aka sa sau ɗaya aka je biki aka ninke aka mayar, ana cewa ai bai yi datti ba, alhali gumi da mai da turare suna jiki. Na biyu sitati, wanda rogo ne ko masara, abinci ne kika ajiye wa fumfuna da kyankyaso. Kayan da za a daɗe ba a sa ba, a wanke a ajiye ba sitati. Ni ma sai da na yi asara na koya. Bayan rasuwar kakanki, Allah Ya jiƙansa, na ɗauki babbar rigarsa ta tsamiya, wadda aka yi wa aiki da hannu, na ƙulle ta a leda don kada ƙura ta taɓa ta, kuma cikin damina na yi haka. Da na buɗe bayan shekara biyu, wuyan ya yi baƙi, ina taɓa aikin yana marmashewa. Da na naɗe ta a tsohon farin zane yadda tsofaffi ke yi, da yanzu tana jikin babanki ranar Sallah. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Kafur kuwa, a nan ba kakarki ke magana ba, tsohuwar ungozomar asibiti ce. Kafur ƙwari yake kora, ba ya shan laima. Kuma akwai jarirai da yawa a ƙasar nan, galibi maza, da ake haifa da wani rauni na gado a jini, likitoci na kiransa ƙarancin G6PD. Ba a gane shi da ido. Irin wannan jariri in aka sa masa kayan da suka kwana da kafur, ko ya shaƙi warin, jininsa fashewa yake yi, shawara ta kama shi, ido da jiki su yi ɗorawa, in ba a gaggauta ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Na sha karɓar irinsu, uwa ta kawo ɗa kwana huɗu da haihuwa, tun daga bakin ƙofa nake jin warin kafur a zanen goyon. Don haka duk abin da zai taɓa jikin abin da ke cikinki, da zannuwan da za ki ɗaura a jego, kada kafur ya kusance su. Waɗanda suka riga suka sha shi a wanke su sosai a shanya har warin ya tafi gaba ɗaya. Ki gode wa maƙwabciyar, don alheri ta nufa, amma kada ki bi.

Idan komai ya bushe ƙayau, kika sa hanci ba ki ji komai ba, to lokacin turare ya yi. A nan ne kabbasarki za ta yi aikinta, garwashi kaɗan, kada ki yayyafa humra a kan kayan da za a rufe. Mu kajiji muke dakawa mu ƙulle a ƙyalle mu sa tsakanin zannuwa. Zan ba direban da ke zuwa wajenku ranar Laraba ƙulli biyu, da kuka da daddawa. Gyaɗar da kika ce ita ma ta yi kore a buhu, zubar da ita, kada ki ce za ki wanke ki soya, dafinta wuta ba ta kashe shi kuma hanta yake ci.

Atamfofin nan goma sha biyu da kika ce ko ɗinka su ba ki yi ba, ki zaɓi waɗanda za ki sa, ki aiko wa ƙannenki biyu cikin sauran kafin Sallah. Shuɗiyar nan mai ganye kuwa tawa ce, tun ranar da aka buɗe lefen na ce ina so kika yi kamar ba ki ji ba. Ki gaishe mini da mijin namu.