Cin abinci a Hakone: ku faɗi abin da ba ku ci tun kafin ku iso

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ke da maigida za ku bar Tokyo ku yi Asabar da Lahadi a Hakone, garin shaƙatawa a cikin duwatsu, kuma kina fargabar abin da za a zubo muku. Sau uku muka je lokacin da nake karatu a Japan.

Hanyar ba wuya. Daga tashar Shinjuku ku hau jirgin Romancecar, kusan awa ɗaya da rabi kun sauka Hakone-Yumoto.

Zuwanmu na farko mun sauka a ryokan, masaukinsu na gargajiya, inda kuɗin ɗaki ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Ƙarfe 6 aka fara jero mana 'yan ƙananan kwanuka, kaiseki suke ce masa, kowane kwano bai wuce loma biyu ba. Sai a lokacin na buɗe baki na ce ba ma cin alade, ba ma son giya a girki. Baiwar Allahn da ke mana hidima ta rusuna, ta shiga kicin, ta dawo tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifi. Ashe tun rana aka gama haɗa rabin abincin, kuma a ƙirge yake da yawan baƙi. Da farar shinkafa da ɗanyen kifi muka kwana. Laifina ne. Zuwa na biyu tun ranar da na kama ɗaki na rubuta musu, suka canza mana girki ba tare da gardama ba.

Alade ma ba shi ne abin tsoro ba, don sau da yawa ido na ganinsa. Wanda ba ya ganuwa shi ne mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, da kuma wata giyar shinkafar da suke kira sake. Suna shiga teriyaki, wato gashin da ake shafa wa romo mai zaƙi, da kayan lambun da aka dafa a romo, har da baƙin ruwan da ake tsoma taliyar soba a ciki. Ni kaina na daɗe ina shan soba kafin wata abokiyar karatuna ta faɗa mini. Hukuncin girkin da aka sa wa mirin, kowa ya tambayi malaminsa, ni dai na guje shi. Ramen kuwa, wato taliya cikin romo, ki bar shi, romonsa galibi da ƙashin alade ake yi.

Ki sa a rubuta miki butaniku (naman alade), sake da mirin da rubutun Japananci a 'yar takarda, don a ƙauye ba kowa ke jin Turanci ba. Ki nemi shioyaki, gasasshen kifi da gishiri kawai. Tempura ma, wato kifi ko kayan lambu da aka tsoma a ƙullu aka soya, ki ce a ba ki gishiri maimakon ruwan tsomawa. Idan kun hau Owakudani, wurin dutse mai aman wuta da ke Hakone, ku sayi baƙin ƙwai, a ruwan zafin dutse ake dafa shi, ɓawon ne kaɗai baƙi.

Ku riƙe tsabar kuɗi, kuma kar ku yi dare, gidajen abinci da yawa na rufewa da wuri. Ba a ba da tukuici, in kin bar canji ma za a iya biyo ki da shi. Kar ki soke tsinken ci a tsaye cikin shinkafa, ga mamaci suke yin haka. Sannan ki duba safar maigida kafin ku fita, don a bakin ƙofa ake cire takalmi.