Tambaya da Amsa: Ƙaramin Gari a Farfajiyar Lakwal

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke: filin koyon hanya, wato ƙaramin garin nan da ake zana wa yara da tituna, da shataletale, da alluna, su saba da shi kafin su fuskanci kwaltar gaske.

Tambaya: Ni malama ce a ajin CE2 (aji huɗu na firamare) a unguwar Bukoki, nan Yamai. Ƙofar lakwal ɗinmu a bakin kwalta take, kuma kullum aka tashi yara gabana faɗuwa yake. Darakta ya yarda mu yi filin koyon hanya, amma ba mu da kuɗin siminti ko na wutar hanya. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Ki fara da fita ƙofar lakwal lokacin tashi, da takarda a hannu, kwana uku a jere. Ki rubuta inda yara suke tsallakawa, da inda taksi da faba-faba suke tsayawa, da inda mai tebur ko mai ƙosai ya tare gefen hanya. Abin da kika gani shi za ki zana a fili, ba hoton garin Turai mai dakalin masu tafiya a ƙasa ko'ina ba. Yaron da ya koyi hanya a filin da bai yi kama da unguwarsu ba, a filin zai bar karatunsa.

Wuri mai mita 30 a tsawo da mita 20 a faɗi ya wadatar, in babu, 20 da 15 ma yana yi. A zaɓi ƙasa mai tauri, don tayar keke tana nutsewa a rairayi, yaro ya faɗi. Da igiya da turaku a fitar da titi ɗaya da ya kewaye filin, faɗinsa mita 3, da layi a tsakiya, kowane hannu mita ɗaya da rabi. A ratsa tsakiyar filin da wani titin don a samu mararraba. Shataletale kuwa, a kafa turke, a ɗaura igiya mai mita ɗaya da rabi a zagaya, a jera tsofaffin tayoyi a kan da'irar. Tayoyin nan a cika su da ƙasa ko a huda su, in ba haka ba damina na zuwa za su zama gidan sauro. Layuka da farar ƙasa ake yi, ko toka in ita ce a hannu. A yayyafa ruwa tukuna, sannan a zuba da gwangwanin da aka huda gindinsa. In aka zuba a busasshiyar ƙasa, iskar hunturu za ta share aikin kafin azahar. Wurin tsallakawa guda biyu, zane-zane masu faɗin santimita 30 da tazarar 30.

Alluna shida sun isa farawa: STOP ja mai kusurwa takwas, da mai kusurwa uku da kansa ke ƙasa na ba da hanya, da jan da'ira mai farin layi na hana shiga, da mai kusurwa uku na gargaɗin ƴan lakwal, da shuɗin da'ira mai kibiya, da na wurin tsallakawa. Kafinta zai yanka su a falanki, santimita 40, a kan sanda mai mita ɗaya da ɗan kai, a dasa a gwangwanin fenti da aka cika da tsakuwa. Siffa da launi su zama daidai da na kan titi, kada mai fenti ya yi gwaninta. Wutar hanya kwali ne da da'ira uku, ja a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, tsanwa a ƙasa, yaro guda yana rufe biyu yana buɗe ɗaya.

Sai abin da filaye da yawa ba su da shi, alhali shi ya fi komai amfani: abin tare ido. A tsayar da zana mai tsayin mita ɗaya da rabi da tsawon mita 4 a gefen titin, daf da wurin tsallakawa, ta zama kamar motar da aka ajiye. Ki sa yaro a bayanta, wani ya taho da keke a hankali. Za ki ga na bayan zanar ya fito kansa tsaye, mai keke ya taka birki, ajin ya ɗauki ihu. Daga nan ki nuna masa: ya zo ƙarshen zanar ya tsaya cak, ya leƙo da kai kawai, ya duba, sannan ya taka. In da wani wuri buɗaɗɗe kusa, ya ƙarasa can ya fi. Wannan darasi a maimaita shi kowane zuwa, har ƙafa ta riƙa tsayawa da kanta.

Kada a zuba aji duka a fili lokaci guda. Rukuni na yara 12 zuwa 15, minti 30, da safe kafin rana ta yi zafi. Huɗu a kan keke, shida a ƙasa, ɗaya da wutar hanya, sauran su tsaya gefe suna lura da kuskure, bayan minti goma a yi musanya. A duba birkin kowane keke kafin a fara, a sauke sirdi yadda ƙafar yaro za ta taɓa ƙasa. In babu keke, yaro ya shiga cikin kwali ya riƙe a ƙugu, ya zama mota. Inda abin ke lalacewa shi ne kowa yana son tuƙi, filin ya koma wurin tsere. Ki kafa doka tun ranar farko: sai wanda ya tsallaka daidai sau uku a ƙasa zai hau keke. Yaranmu a ƙasa suke zuwa lakwal, don haka darasin mai ƙafa shi ne babba.

Ki kai maganar gaban COGES, wato kwamitin kula da lakwal, da ƙungiyar iyaye, akwai kafinta da mai gyaran keke a cikinsu. Ku kuma rubuta wa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, da ofishin magajin gari, ku nemi a zana wurin tsallakawa na gaske a ƙofarku.

Tambaya: A wayata na ga bidiyon da ake koya wa yara su fara duba dama. Mu kuma hagu aka koya mana. Wanne ne daidai? Daga wani ɗalibin lise a Harobanda.

Amsa: Ɗan'uwa, naka ne daidai. A Nijar dama ake tuƙi, saboda haka motar da ta fi kusa da mai tsallakawa daga hagunsa take zuwa. Hagu, dama, a sake hagu, a tsallaka a miƙe ba a karkace ba, ana tafiya ana dubawa, ba gudu. Bidiyon daga ƙasar da ake tuƙi a hagu ya fito, irin su Ingila ko Indiya ko Kenya. Inda babu gefen masu ƙafa, a bi hagun titi ana fuskantar motoci. Kuma ko a titi mai hannu ɗaya a duba ɓangare biyu, don masu babur da ke biyo hannun da ba nasu ba suna nan.

Tambaya: Ɗana shekararsa 7. An kai su irin wannan fili, ya haddace alluna duka har ya fi yayyensa. Yanzu yana so ya riƙa zuwa lakwal shi kaɗai, ya kuma riƙe ƙanwarsa mai shekara 5. Titi ɗaya ne tsakaninmu da lakwal. In bar shi? Daga wani magidanci a Talaje.

Amsa: Malam, kada ka bar shi tukuna, ƙanwar kuwa ko kusa. Allah ya ƙara masa basira, amma haddace allo daban, auna gudun mota daban. Yaro kafin wajen shekara 10 yana ganin nisan mota, amma bai iya haɗa nisan da gudunta ba, sai ya ɗauka ta nesa duk lafiya ce. Gajere ne, motar da aka ajiye tana ɓoye shi, shi bai ga mai zuwa ba, direba bai gan shi ba. Hankalinsa kuma abu ɗaya yake riƙewa: in aboki ya kira shi daga tsallake, ko balo ta gangara, titin ya ɓace masa. Yawancinsu ma suna zaton tunda sun ga mota, direban ya gan su.

Ga lissafin da ya kamata kowane uba ya sani. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Kafin direba ya ga yaro ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, mita 14 ke nan. Birkin kansa a busasshiyar kwalta yana son wasu mita 14 ɗin. Jimla kusan mita 28, in taya da birki lafiyarsu lau. In rairayi ya hau kwalta, kamar yadda yake a gefen titunanmu da yawa, ko an yi ruwa, abin ya zarce haka. A gudun 30 kuwa wajen mita 13 mota ke tsayawa, shi ya sa taron duniya kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a mayar da gudu 30 a inda motoci ke cuɗanya da masu ƙafa. Ta ɓangaren yaron, titi mai faɗin mita 7 yana ɗaukar masa kamar daƙiƙa 7, a cikinsu motar nan ta ci kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo.

Wannan ana iya nuna wa yara a filin ma. A ja igiya mai mita 28 a ƙasa, yaro ya taka ta daga farko zuwa ƙarshe yana ƙirga taku, a ce masa nan ne mota za ta tsaya in ta gan ka a can. Wanda ya taka igiyar nan ba ya mantawa da wuri.

Abin yi shi ne ka mayar da hanyar lakwal ci gaban filin. Ku zaɓi wurin tsallakawa guda, inda ake hango titi sosai ta kowane ɓangare, ko da ya ƙara tafiya, nesa da kwana da wurin tsayawar taksi. Makonnin farko kai kake yanke shawara, kana faɗar dalili da baki. Daga baya ka tambaye shi: yanzu mu tafi ko mu jira? Ya faɗa, ka gyara. Ƙanwar a riƙe ta a wuyan hannu, ba a yatsu ba, don yatsu suna suɓucewa, kuma babba ya kasance ta ɓangaren motoci. In aiki bai bar ka ba, ku haɗa kai da maƙwabta, babba ɗaya ya raka yaran layi, ana karɓa-karɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, mutane kusan miliyan 1.19 ke rasuwa a kan hanya duk shekara. Kuma ka kula da naka tsallakawar: in kana ratsa motoci da waya a kunne, shi zai kwaikwaya, ba allon fili ba.

Tambaya: A nan Tawa yawancin yaranmu a kabu-kabu ko bayan babansu suke zuwa lakwal, ga manyan motocin hanyar Agadas. Filin nan yana da abin da zai koya musu? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, yana da shi, in an shigo da babur na gaske a kashe aka kafe shi a gefen fili. A nuna wa yaro salansa, wadda a yawancin babura tana dama, ya san ita ce ke ƙona ƙauri. Sauka ta hagu ta fi tsira daga ƙuna, amma hagu nan ne ɓangaren motoci, don haka mai babur ya fita daga kwalta sosai kafin ya sauke yaro. A mota kuwa ƙofar dama ake fita. Yaron da ƙafarsa ba ta kai matakin baya ba bai isa zama shi kaɗai ba, diddigensa na iya shiga wayoyin taya. Ƴan mata su tattare hijabi da zani su zauna a kai, domin gefen mayafi in sarƙa ko taya ta kama shi, wuya yake ja. Hular kwano ta babba ba ta yi wa yaro, tana juyawa ta rufe ido ko ta fice. A auna kansa da tef ɗin tela sama da gira, a sayi daidai, ta zauna yatsa biyu sama da gira, igiyar haɓa a ɗaure yadda yatsa ɗaya kawai zai shiga.

Babbar mota kuwa, a roƙi wani direba ya kawo tasa rana guda. A kashe inji, a zare makulli, a sa duwatsu a tayoyi. Yara su hau kujerar direba ɗaya bayan ɗaya, sauran su jeru daf da gaban motar, da gefen dama, da baya. Na sama zai ce bai ga kowa ba, ga kuwa ƴan ajinsu goma tsaye a ƙasa. A zagaye wuraren da farar ƙasa, a ce musu in ba ka ga fuskar direba ba, ko kai tsaye ko a madubi, shi ma bai gan ka ba. A gaya musu kuma tirela in za ta sha kwana, tayoyin baya suna yanko ciki fiye da na gaba, mai tsayuwa a bakin kwana ya ja baya taku uku. Haka ɗanewa bayan amalanke ko motar da ke tafiya a hankali ranar kasuwa, a hana shi da suna, don yara ba sa lissafa shi cikin hatsari. Manyan ƴan CM (aji biyar da shida) su haddace lambobi biyu, 17 ta ƴan sanda da 18 ta ƴan kwana-kwana, su kuma san ba a jan wanda mota ta buge ko a ba shi ruwa, babba ake kira.