Da Me Za a Fara Gina Manhajar Tsara Karatun Ɗalibai?

Ɗana, ka tambaye ni ko ka fara da zana shafukan manhajar, kana bin samfurin waɗanda aka yi wa jami'o'in Amurka, inda ɗalibi yake zaɓar yawancin darussansa da kansa. Ka ajiye zane tukuna, domin ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta nan Yamai, ko na Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, ba a kan wannan tsari yake karatu ba.

Mu tsarin LMD muke bi, wato lisansi (digiri na farko), mastar (na biyu) da dokta (na uku). Lisansi shekara 3 ce, zango 6, kowane zango yana da kiredi 30 (ma'aunin nauyin karatu da ɗalibi yake tarawa in ya ci darasi), jimilla 180, mastar kuma ta ƙara 120. An ɗaure darussa rukuni-rukuni, abin da ɗalibai suke kira UE, kuma sashe ne yake tsara mafi yawansu tun kafin ɗalibi ya yi rajista. Saboda haka damuwarsa ba zaɓi ba ce. Abin da yake hana shi barci shi ne sanin rukunin da ya ci, da wanda ya rage masa bashi, da ko kiredin da ya tara zai ba shi damar wucewa aji na gaba.

Bashin nan shi ne zuciyar aikinka, kuma a kansa nake so ka daɗe. Ɗalibin da ya shiga shekara ta biyu da bashin darasin shekarar farko yana bin jadawali biyu a lokaci guda, kuma yana iya tarar da darasin bashin ya faɗo a sa'ar da yake cikin wani amfi, wato babban ɗakin lacca. Dole manhajar ta gane wannan karo ta gargaɗe shi da wuri. Ana cin rukuni da matsakaicin maki 10 bisa 20, amma ƙa'idar yadda maki mai ƙarfi yake ɗaukar mai rauni, da sharaɗin shiga jarrabawar zagaye na biyu, suna iya bambanta daga tsangaya zuwa tsangaya. Kada ka binne waɗannan ƙa'idoji cikin lambobin shirin. Ka ware su a teburi na daban wanda za a iya gyarawa, domin in lissafinka ya ce wa yaro ya wuce alhali bai wuce ba, ka cutar da shi cutar da neman gafara ba za ta gyara ba.

Haka kuma kada ka ɗaure komai da kalanda. Shekarar karatu takan goce a ƙasarmu, har wata ta hau kan wata, don haka ka jingina kowane darasi da lambar zangonsa, ranaku kuwa su zama abin da ake sauyawa cikin sauƙi.

Sauran sun fi sauƙi. Manhajar ta yi aiki a ƙaramar salula ko babu intanet, ta adana jadawali a cikin wayar, ta sabunta shi in an sami hanya. Sauyin ɗaki ko na lokaci kuwa, a yau delegen aji, wato wakilin ɗaliban ajin, ne yake yaɗa shi ta WhatsApp, shi ya kamata ka ba ikon shigar da gyara, da alamar ranar da aka yi shi.

Gobe ka je sashe guda ɗaya ka nemi takardar tsarin darussansa, ka zauna da ɗalibai masu bashi, ka lissafa matsayinsu da alƙalami. In lissafin ya dace da sakamakon da aka liƙa musu a allo, ka kawo mini mu fara zane.