Tambaya da Amsa: Itacen Jin Ɗumi, Daga Faskare Har Ajiya

Saƙonnin wannan makon kusan duk sanyi ne ya koro su, daga na gida har na ƙasashen waje, shi yasa na zaɓi guda uku da suka shafi itace.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne amma aiki ya kawo ni Kanada, lardin Ontariyo. Bana muka koma wani gida a bayan gari mai murhun itace na ƙarfe a falo. A watan Nuwamba na sayi itace mota guda, mai sayarwar yace min busasshe ne, amma wallahi in na zuba a murhu sai ya dinga tsuwwa yana fitar da kumfa ta bakinsa, gilashin murhun yayi baƙi ƙirin, falon kuma ba wani ɗumi. Sannan akwai bishiyoyi biyu da iska ta kayar a bayan gidan, mai gidan yace in ina so in yanka in yi amfani dasu. Don Allah ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Ontariyo.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya bada sa'ar zama. Gaskiyar magana ɗanyen itace aka sayar maka, wannan tsuwwar da kumfar da kake gani ruwan cikinsa ne ke tafasa yana neman hanyar fita. Bishiyar da aka sare yau kusan rabin nauyinta ruwa ne, kuma wutar da ya kamata ta ɗumama maka falo ita ce ke ƙarewa wajen ƙafar da ruwan nan, shi yasa zafin da zaka samu bai wuce kusan rabin na busasshe ba. Ma'aunin da ake bi shi ne danshin itace kar ya wuce kashi 20 cikin 100. A Ingila ma tun watan Mayu na 2021 aka hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗauri saboda hayaƙinsa.

Ka je shagon kayan gini ka sayi 'yar na'urar auna danshin katako, mai ƙusoshi biyu a baki, bata da tsada. Amma kar ka soka ta a bayan itacen, ka faskara guda ɗaya tukuna ka soka a tsakiyar inda ya tsage yanzu yanzu, don waje kan bushe ciki na jiƙe sharkaf. In babu na'ura to kunnenka ma ya isa. Ina yaro akwai wani dattijo mai faskare da ke zuwa gidanmu duk farkon hunturu, kafin ya karɓi aiki sai ya ɗauki guda biyu ya gwara su, in yaji ƙwal ƙwal kamar an buga ƙwarya yace wannan ya nuna, in yaji dib sai ya girgiza kai ya ajiye gefe. Busasshe kuma zaka ga bakinsa ya tsattsage, launinsa ya dushe, ɓawon na saɓulewa, in ka ɗaga ba nauyi.

Abun da yafi damuna a saƙonka shi ne baƙin gilashin nan. Abun da ya manne a gilashi irinsa ne ke mannewa a cikin bututun hayaƙi, wani baƙin danƙo kamar kwalta da ake ce ma kiriyosot, kuma yana kamawa da wuta, in ya kama zafinsa kan haura digiri 1,000, gidaje da yawa ta nan suke ƙonewa. Don haka kafin ka ƙara hura wuta ka kira masu share bututu su duba, kuma a riƙa sharewa ko sau ɗaya ne a shekara. A Kanada akwai masu takardar WETT da ke duba murhun itace, kamfanonin inshora ma sukan nemi rahotonsu, ka tambayi mai gidan ko an taɓa yi. Na'urar da ke kuka in iskar kabon monoksaid ta taru ita kuma a Ontariyo doka ce tun 2014 ga gida mai irin wannan murhun, ka tabbatar akwai ta kusa da ɗakin kwana kuma batirinta na aiki.

Itacen da ka riga ka saya bai ɓaci ba, na baɗi ne. Ka ƙara faskara shi ƙanana ka jera, na bana kuma ka nemi wanda aka busar a gidan gashi, ya fi tsada amma zaka ji bambanci daren farko. In zaka sake saye ka tambayi awo da kyau, ma'aunin itace a can sunansa kod, kod cikakke tsawonsa ƙafa 8, tsayi ƙafa 4, faɗi ƙafa 4, wajen kubik mita 3.6 kenan, wanda suke ce ma fes kod kuma galibi kashi ɗaya cikin uku ne na wancan, baƙi da yawa a nan ake cutarsu. Kuma ka saya a kusa da inda kake, kar ka ɗauko daga nesa, akwai wani koren ƙwaro da aka fara gani a 2002 wajen garuruwan Winza da Ditiroit a iyakar Kanada da Amurka wanda ya kashe miliyoyin bishiyoyin ash, a cikin itacen wuta yake bin mutane gari gari, shi yasa hukuma ta saka dokoki akan jigilarsa.

Sai batun bishiyoyin da suka faɗi. In baka taɓa riƙe injin zarto ba don girman Allah kar ka fara koyo kai kaɗai akan bishiyar da iska ta kayar, don rassanta a danne suke kamar an ja baka, kana yankewa zata iya zabura ta make ka, kuma in kan zarton ya taɓa wani abu injin kan yi tsalle ya dawo fuskar mutum. Ka samu maƙwabci da ya iya, ka sa hular kwano da tabarau da wandon kariya da takalmi mai ƙarfe a baki. A yanka gungume gungume wajen inci 16, santimita 40 kenan, amma ka fara auna cikin murhunka. Faskaren ka yi shi tun itacen na ɗanye, da gatari mai kauri mai nauyin kilo 3 ko kusa da haka, ka ɗora akan wani gungume gajere, ka ware ƙafafu yadda in ka kuskure gatarin ƙasa zai sara ba ƙaurinka ba, ka duba inda bakin ya fara tsagewa ka bi nan, babba kuma ta gefe ake cinsa ba ta tsakiya ba. In ka saka gungumen cikin tsohuwar tayar mota guntayen ba zasu watse ba, bayanka zai huta da sunkuyo.

Jeri kuma a ɗaga shi daga ƙasa akan katako, layi ɗaya ko biyu inda rana da iska ke bugawa, a rufe sama kawai a bar gefe a buɗe. Masu lulluɓe shi ruf da tamfol har ƙasa gumi kawai suke tara masa ya yi funfuna. Cikin itatuwan can, fayin (pine) kan bushe a wata 6 zuwa shekara, ash da mafal (maple) wajen shekara, itacen ok (oak) kuma sai ka bashi shekara biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, mutanen can da bazara suke haɗa itacen sanyin da ke tafe.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. A Bukuru nake kusa da Jos, kasan sanyinmu. Duk shekara sai Disamba nake sayen itace lokacin yayi tsada, na gwada ajiyewa tun da wuri gara ta cinye min rabi. Wane itace ya fi, kuma ya zan ajiye? Daga wata uwar gida.

AMSA: Hajiya barka kadai, sanyin Jos kam ba wasa ba, gari ne da ke sama da mita 1,200, dare a Disamba da Janairu sai da wuta. Dabarar ki ta saye da wuri ita ce daidai, inda aka samu matsala wajen ajiyar ne. Gara ta ƙasa take zuwa, danshi da duhu take so, to in kika zube itace a ƙasa ko kika jingina shi da katangar laka kin kai mata abinci har gida. Ki sa a jera bulo ko duwatsu, a gitta tsofaffin ƙarafa ko bututu a kai, tsayin taki ɗaya ko biyu daga ƙasa yadda zaki iya leƙawa ki share, ki bar tazara tsakaninsa da bango, sama a ɗora tsohon kwano a danne da dutse. Tokar murhu ki dinga barbaɗawa a ƙarƙashi, duk sati biyu ki leƙa, da kinga 'yar hanyar laka ta fara hawa bulo ki karya ta nan take. Kuma yara su daina zura hannu cikin jerin da dare, kunama da maciji na son wurin.

Lokacin saye mafi kyau shi ne Fabrairu zuwa Maris kafin ruwa ya sauka, a faskara a bar iska ta busar sannan ya shiga rumfa ya wuce damina. Wanda ake kawowa Oktoba yawanci ya sha ruwa.

Wajen iri, marke da ƙirya sune sarakai, suna daɗewa suna ci kuma garwashinsu na kwana, ƙirya ma ita maƙera ke nema don gawayi. Bagaruwa ma tana da kyau. Itacen turare wanda aka shuka da yawa a wajenku a tsofaffin filayen haƙar kuza yana ci sosai in ya bushe, sai dai a faskara shi tun yana ɗanye, in ya bushe a gungume sai ya gagari gatari. Darbejiya ba laifi. Kuka kam ɓata lokaci ne, cikinta kamar soso yake. Katako mai fenti ko guntun tsohuwar kujera mai gam kar ki ƙona shi ko kyauta aka baki, hayaƙinsa guba ne.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, in kinga an kawo miki kaɗanya ko ɗorawa ko tsamiya ɗanya ki ƙi saye, raina na ɓaci in naga bishiyar da ke ciyar da gida shekara da shekaru an mayar da ita dami. In kuna da gona ku duba abun da manoman Maraɗi suka fara tun wajen 1983, sassabin zamani, wato in kututture ya tofo ba a sare shi duka, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari a rage sauran, abun da aka rage shi ne itacen gida. Da haka aka dawo da bishiyoyi a wajen hekta miliyan 5 a Nijar.

TAMBAYA: Malam matata ta haihu cikin sanyin nan, surukata na sa kaskon garwashi a ɗaki a rufe ƙofa da taga har safe don jariri. Jiya mai jegon ta tashi da ciwon kai da jiri. Akwai matsala? Daga wani magidanci a Damagaram.

AMSA: Allah ya raya, Allah ya bata lafiya. Ɗan uwa akwai matsala babba, kuma daren yau za a daina, kar a jira gobe. Garwashi ko gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, bata da launi bata da wari, garwashin da yayi ja ba hayaƙi ko kaɗan shi ma yana fitar da ita. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da wani abu, alamunta kuma sune waɗannan da ka faɗa, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, mai barci kuma ba zai ji komai ba sai dai ya zarce. Jariri ya fi kowa saurin kamuwa. Ka kai su asibiti yau a duba su duka biyun, ka faɗa wa likita da kasko suka kwana.

Surukarka ƙaunar jikanta ce ta sa take yi, don haka ka same ta cikin ladabi, kace Inna ga abun da likita yace, ko ka tafi da ita asibitin taji da kunnenta. A hura wutar a tsakar gida a sha ɗumi a can, in ma an shigo da kaskon da yamma to taga da ƙofa a buɗe, babba na zaune, a fitar dashi kafin kowa ya kwanta. Jariri a sa masa hula da safa da kaya biyu ko uku, uwar ta riƙa rungume shi a ƙirjinta, fuskarsa a buɗe. Tokar da aka kwashe kuma a zuba ta a bokitin ƙarfe nesa da zana da danga, garwashi kan yi kwana biyu ko uku da rai a cikinta.